Gayya da Littafi: Tarihin Masu Ɗawainiyar Ɗakin Karatu a Ƙasar Tasawa

1.0 Gabatarwa

Idan ana ba da tarihin ɗakin karatu, galibi abin da akan kawo shi ne ranar da aka aza harsashin gini, da sunan hukumar da ta ba da kuɗi, da yawan littattafan da aka jera ranar bukin buɗewa. Ba safai akan tuna da mutanen da suka ci gaba da buɗe ƙofa, da shara, da kakkaɓe gara, da bin sawun littafin da aka ara ba a maido ba, alhali kuwa a ƙaramin gari su ne ke riƙe da ɗakin bayan manyan baƙi sun koma inda suka fito. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin irin waɗannan mutane a ƙasar Tasawa da maƙwabciyarta Mayahi, cikin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga zauren malam har zuwa zamanin da muke ciki.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wannan ƙasa ba a taɓa rasa masu ba da ƙarfinsu kyauta ba, kuma ba a taɓa rasa littafi ɗungum ba. Abin da ya riƙa haɗa su ko ya raba su shi ne harshen da littafin ke magana da shi. Duk lokacin da littafi ya isa kunnen talaka cikin Hausa, an sami masu yi masa hidima ba tare da an aike su ba. Duk lokacin da ya tsaya ga harshen da mutum ɗaya cikin goma ke ji, hidimar takan koma wuyan 'yan tsiraru, in sun gaji ko an yi musu canjin wurin aiki sai ɗakin ya mutu.

2.0 Bayanin wasu kalmomi

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. A Nijeriya ana cewa laburare, a Nijar kuwa ɗan lakwal yakan ce bibliyotek, kowa da harshen da ya yi aro daga gare shi. Mu za mu tsaya ga ɗakin karatu, watau wurin da ake ajiye littattafai domin kowa ya zo ya karanta ko ya ara. Ita kanta kalmar littafi, bakin Tasawa da Maraɗi yakan furta ta littahi, kamar yadda yake cewa tahi a maimakon tafi.

Aikin da mutum ya yi don ganin damarsa ba don lada ba, Hausar zamani takan kira shi aikin sa-kai. Amma tun da rikicin 'yan bindiga ya yi tsanani a ƙasashen Zamfara da Katsina, lafazin 'yan sa-kai ya karkata ga masu ɗaukar makami su tsare gari, saboda haka ba zai dace da abin da muke nufi ba. Kalmar da ta fi shi tsufa, kuma ta fi shi bayyana tunanin Bahaushe, ita ce gayya. Mai gona yakan sanar da ranar da yake bukatar hannu, samari su taru da haukoki, makaɗin noma ya zo da ganga, matan gida su dama fura, a gama cikin yini ɗaya abin da mutum ɗaya zai yi mako yana yi. Abin lura a nan shi ne gayya ramuwa gare ta. Wanda ya je ta wani yau, ya san gobe za a zo tasa. Ko da aikin na gari ne, kamar yasar rijiya ko gyaran masallaci, mutum yana ba da ƙarfinsa ne ga abin da shi da iyalinsa za su mora. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu auna kowane zamani da ita.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin da ake kira abokan ɗakin karatu, waɗanda ke tara kuɗi da littattafai da 'yan hidima. A Amurka an fara irinsu a shekarar 1922, a wani ƙaramin gari mai suna Glen Ellyn. A ƙasar Tasawa aikin da suke yi ya bi ta hannun almajirai da maƙwabtan malam, da kwamitocin yaƙi da jahilci, da samariya.

3.0 Zauren malam

Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi. Mayahi tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba. Ƙasar Katsina ce tun asali. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi a wajajen 1819, Tasawa ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan wannan Katsina ta arewa. A ƙarshen ƙarni na 19, da rikici ya raba Sarki Mijinyawa da Maraɗi, a Tasawa ya zo ya zauna.

Garin zango ne na ayarin da ke saukowa daga Abzin ta Damargu zuwa Katsina da Kano. Tare da ayarin gishiri ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Tasawa cikin Janairun 1851, daga nan ya bi ta Gazawa ya wuce Katsina. Ta hanyoyin hamada irin wannan ne takarda ke shigowa ƙasar Hausa daga Tarabulus, musamman takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, kuma tsada gare ta. Don haka littafi dukiya ne, kuma wanda ya mallake shi malami ne.

Ɗakin karatu na wancan zamani bai wuce zauren malam ba. Littafin ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafaka a rataye. Wannan tsari ya sa ana iya rarraba littafi ɗaya ga ɗalibai uku ko huɗu a lokaci guda, kowa da warƙar da yake biyawa. Wanda ke son nasa Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, sai ya ara ya yi juyi da hannunsa, ko ya nemi mai kyan rubutu ya juya masa. Aro da juyi su ne suka yaɗa littafi daga gari zuwa gari shekaru aru-aru kafin a ga injin ɗab'i.

To, wa ke riƙe da wannan ɗaki? Unguwa ce. Matan gidaje ke ciyar da almajirai, manoma ke kai zakkar hatsi, iyaye ke ba da kuɗin Laraba, almajirai ke nome gonar malam da damina, su yi masa itacen da za a hura a yi karatun dare. Babu wanda ya rubuta musu doka, kuma hidimar ba ta yanke ba har yau. Dalili shi ne, ko da yake littafin na Larabci ne, malam yakan karanta gaɓa ɗaya ya fassara ta da Hausa, sa'an nan ya wuce ta gaba. Haka ake yi a tafsirin watan azumi. Ban da wannan ga waƙoƙin wa'azi da aka rubuta da ajami, waɗanda makafi da mata ke haddacewa suna rerawa. Ashe ke nan wanda bai san baƙi ba ma yana da rabo cikin abin da ke gafaka, shi ya sa bai ƙi kai damin gero ba. Sai dai dole a faɗi iyakar wannan tsari: littafin na malam ne, in ya mutu a raba shi cikin gado, kuma fannin da ya ƙunsa bai cika wuce addini da nahawu da magani ba.

Akwai wani abin da ya cancanci ambato a nan. Yaron nan Dorugu, wanda aka haifa a Dambanas kusa da Kance, gabas da Tasawa, aka kama shi bawa, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855. Can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885. Ɗaya daga cikin littattafan Hausa na farko da aka buga da boko, bakin mutumin wannan yanki ne, amma a London aka buga shi, domin masu koyon Hausa na can.

4.0 Zamanin Faransa

Ƙasar Tasawa ta fara sanin Faransa ta mummunar hanya. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Ranar 14 ga Yuli aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsai da su, a Dankori, bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka kashe su su biyun a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Daga baya aka ja iyaka tsakanin Faransa da Ingila, aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908, ta raba Katsina gida biyu. Tasawa ta zama mazaunin kumandan, har zuwa 1927 da aka mai da hedkwata Maraɗi.

Lakwal ɗin da Faransa ta kawo, da Faransanci kaɗai ake karatu cikinta, kuma yaron da aka ji yana Hausa a farfajiya akan hukunta shi. Taron Brazzaville na 1944 ya sake jaddada cewa ba za a koyar da harsunan gida ba. Iyaye suka ɗauki lakwal kamar aikin tilas, suna ɓoye 'ya'yansu. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. 'Yan littattafan da ke cikin kabad ɗin mushe, ba wanda zai yi musu gayya, domin ba wanda ya ga abin da zai ci a cikinsu sai ɗan da ke neman aikin gwamnati.

A ƙetaren iyaka kuwa wata hanya aka bi. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fito daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma a Janairun 1939. Cikin shekarun 1940 hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa da dama, a 1952 aka kafa laburaren jihar Arewa a Kaduna. Bakatsinen kudu yana da littafi cikin harshensa tun kafin yaƙin duniya na biyu, ɗan'uwansa na Tasawa kuwa, mai harshe ɗaya da shi, ko ya sami littafin a hannun fatake bai san baƙaƙen boko ba.

Wanda ya fi kowa bayyana illar wannan hali, a Tasawa aka haife shi. Abdou Moumouni, haihuwar 1929, ya bi lakwal ɗin Faransa har ƙarshenta, ya zama gwani a ilmin fiziya, daga baya ya shugabanci ofishin binciken hasken rana da kuma jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa a 1992, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. A littafinsa na 1964 kan ilmi a Afirka, ya kafa hujja cewa ilmi ba zai game jama'a ba sai an koyar da shi cikin harsunansu. Da Faransanci ya rubuta littafin, domin da shi kaɗai masu mulki za su saurare shi.

5.0 Yaƙi da jahilci da akwatin littattafai

Gwamnatin Diori Hamani ta ɗauki matakai uku da suka shafi batunmu. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda galibi malaman makaranta ke tara jama'a da dare, a saurari shiri cikin Hausa, a tattauna, a ɗauki muryoyin mutane a aika Yamai. A shekarar kuma aka kafa hukumar ƙungiyoyin manoma ta UNCC. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci da taimakon UNESCO, kuma aka yarda a koya wa manya karatu cikin harsunansu.

A yankin Maraɗi da Damagaram gyaɗa ce ta ba wannan shiri ƙarfi. Manomi ya daɗe yana zargin ana cutarsa a bakin sikeli, ba shi da yadda zai tabbatar. Da aka fara barin ƙungiyoyin manoma su riƙe kasuwar gyaɗa da kansu, sai bukata ta taso ta mai awo da mai rubutu daga cikin 'yan gari. Nan take karatu ya zama abin da ke kare aljihu. Ƙauye yakan kafa kwamiti, a yi gayya a kafa rumfar karatu da kara, a haɗa kuɗin kananzir na fitila, wanda ya riga 'yan'uwansa ganewa ya zama mai koya musu, sau da yawa ba da wani albashi na kirki ba.

Ba da daɗewa ba masu shirin suka lura cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, cikin shekara biyu yakan manta. Daga nan ne aka fito da jaridun karkara da ake gurzawa a injin hannu: Ganga daga Yamai, Sabon Ra'ayi a Madawa, Ƙasa Mai Albarka a Maraɗi, Muryar Damagaram a Damagaram. Aka kuma shirya 'yan ƙananan littattafai kan noma da kiwo da lafiya da lissafi da tatsuniyoyi. Abin da aka kira ɗakin karatun ƙauye, akasari akwati ne ko adaka, a hannun mutum ɗaya da gari ya amince da shi, shi ke ba da aro, shi ke karanta wa jama'a jarida a dandali. Idan muka auna da ƙa'idar gayya, wannan shi ne karo na farko da littafin boko ya sami masu ɗawainiya daga cikin talakawan ƙasar nan.

5.1 Matsalar ƙa'idar rubutu

A nan ne wani al'amari na ilmin harshe ya shigo, wanda masu tarihi ba su cika kula da shi ba. A taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, an ba da shawarar a riƙa nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi. Nijar ta bi wannan shawara, Nijeriya ba ta bi ba. Shi ya sa sunayen jaridun da muka ambata, a kan takardunsu Gangaa da Saabon Ra'ayii aka rubuta. Manomin Tasawa da ya saba da ganin kaasuwaa, in ya buɗe littafin Zariya sai ya tarar da kasuwa, ga kuma Hausar Kano wadda ta ɗan bambanta da ta bakinsa. Ƙwararren mai karatu ba zai damu ba, amma sabon shiga mai bin baƙi ɗaya-ɗaya yakan yi tuntuɓe. Ta haka ɗimbin littattafan da aka tara a Zariya tun 1934, waɗanda da sun cika akwatunan ƙauye, suka zama kamar na baƙon wuri, ma'aikatar yaƙi da jahilci kuma ba ta da ƙarfin buga madadinsu. Sai a Janairun 1980, a taron da aka yi a cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Yamai, aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali. An yi shekara 14 ana rubuta harshe ɗaya iri biyu, kuma cikinsu ne shirin ya yi ƙuruciyarsa.

Kafin a kai ga wannan gyara, fari na 1973 da 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun riga sun karya kasuwar da ta ba karatun dalili.

6.0 Samariya

Samariya tsohuwar ƙungiya ce a garuruwan Hausa. Tana da sarkin samari da 'yan majalisarsa masu kwaikwayon sarautun fada, 'yan mata ma da tasu shugabar. Aikinta shirya wasa da kokawa, da karɓar baƙi, da kiran gayya. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya rushe jam'iyya, ya farfaɗo da samariya ya mai da ita hannun gwamnati a kowace unguwa da kowane ƙauye. A 1976 aka yi bukin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan birane.

Ba a taɓa tara ƙarfin matasa a Nijar kamar wannan lokaci ba. Samariya ta buga tubali ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta dasa itatuwa, ta gina gidajenta na taro. Ta kuma raya wasan kwaikwayo da waƙa cikin Hausa, har ƙauyuka na gasa da juna. A wannan zamani ne kuma makarantun gwaji masu fara karatu da harshen gida, waɗanda aka soma da Hausa a Damagaram a 1973, suka ƙaru.

Amma a kan batun littafi, samariya ta tsaya ga gini. Azuzuwan da ta gina, Faransanci ake koyarwa cikinsu. Wasannin da ta shirya, da baki aka tsara su, kaɗan ne aka rubuta, saboda haka da 'yan wasan suka watse sai wasannin suka bi su. Daɗin daɗawa, gayyar da kumandan ya kira ta rasa ramuwar nan da ke cikin gayyar gona, mutane da yawa sun fito ne don gudun fushin hukuma. Kountché ya rasu a 1987, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991 samariyar gwamnati ta watse. Matasa suka koma fada, watau majalisar shayi ta bakin titi, wadda ba ta da sarki sai wanda suka zaɓa.

7.0 Littafin kyauta da littafin haya

A Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga Maris 1970, kuma Diori Hamani na cikin iyayenta. A 1986 hukumar ta fito da shirin cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, domin garuruwan karkara masu mutum 5,000 zuwa 20,000, Nijar kuma na cikin ƙasashen da shirin ya shiga. Tsarinsa raba nauyi ne: gari ya ba da ɗaki da kwamiti da masu kula, hukuma ta kawo littattafai da kayan wasa da na kallo, ta horar da masu kular. Kusan dukan littattafan na Faransanci ne, haka kuma waɗanda ake samu a gidajen matasa da al'adu na manyan garuruwan gundumomi. 'Yan makaranta da malamansu sun amfana ƙwarai, kuma daga cikinsu ne ake samun masu ɗawainiya. Amma malami ma'aikaci ne, ana iya ɗauke shi kowace shekara, ɗalibi kuma in ya ci jarrabawa sai Maraɗi ko Yamai. Mai shago da matar aure da manomi, waɗanda su ne zaunannun gari, ba su da abin ɗauka a kan kanta.

Tasawa ta kuma ƙulla abota da garin Conflans-Sainte-Honorine na Faransa, inda masu goyon bayan abotar suka sa wa ƙungiyarsu sunan Hausa, Jituwa, aikin da aka fi saninsu da shi kuwa shi ne ruwa da tsabtar gari. Irin wannan zumunci abin godiya ne, sai dai Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

A daidai wannan lokaci wani abu ya taso daga kudu ba da shirin kowace hukuma ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Budurwar Zuciya ta Balaraba Ramat Yakubu ta fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, ɗaruruwa suka biyo baya. Tun da an riga an daidaita rubutu a 1980, ba abin da ya hana waɗannan littattafai ƙetare iyaka tare da sauran hajar Kano. Ana saye, ana haya, ana ba da aro daga gida zuwa gida, wadda ta iya karatu ta karanta wa waɗanda ba su iya ba. Yawancin masu wannan hidima mata ne. A 'yan shekarun nan abin ya koma cikin wayar hannu, ana tura labari babi-babi ta WhatsApp. Ko me mutum zai ce game da darajar wasu daga cikin littattafan, sun tabbatar da cewa aro da juyi na zauren malam suna nan da ransu.

8.0 Kammalawa

Mun ga zamani huɗu. A zauren malam da rumfar yaƙi da jahilci, littafi ya isa ga jama'a cikin Hausa, jama'a kuma suka ɗauki nauyinsa. A lakwal ɗin Faransa da ɗakunan karatun kyauta, littafi ya tsaya ga 'yan boko, nauyinsa ma ya tsaya gare su. Samariya ta nuna yawan ƙarfin da ke akwai, littattafan Kano kuma sun nuna yawan masu son karatu.

Wannan tarihi yana da amfani a yau saboda abubuwa biyu da suka faru cikin Maris 2025. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ita ce uwar shirin CLAC, sa'an nan sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka ba ta sayen littafi, ba ta kuma buɗe ƙofa da la'asar. Duk kwamitin da zai riƙi ɗakin karatu a Tasawa ko Mayahi, ya kamata a sami zaunannun gari cikinsa, har da mata da malaman zaure, domin da ɗan gari akan ci gari. Ya kamata kanta ta ɗauki littattafan Zariya da Kano da Yamai, na boko da na ajami, kusa da na Faransancin da 'yan makaranta ke bukata.

Mu kuma masu nazarin harshe akwai namu aikin, kuma na gaggawa ne. Jaridun karkara na shekarun 1960 da 1970 a kan takarda marar ƙwari aka gurza su, kuma su ne shaidar yadda manomin yankin Maraɗi ya fara rubuta Hausarsa da boko, da kalmominsa da karin harshensa. Waɗanda suka riƙe akwatunan nan suna samari, yau masu rai cikinsu sun haura shekara 70. Ya kamata a neme su a ɗauki bayaninsu, a tattara abin da gara ta rage cikin adakokinsu, a ɗauki hotonsa, a ajiye kofe ɗaya a Yamai, ɗaya kuma a garin da aka samo shi.